Yadda Ake Tono Tarihin Matan Garinmu a Adana Shi

Idan aka tambayi dattijo a Gwandu ko Argungu ko Anka ya jero sarakunan garinsu, sau da yawa zai kawo su ɗaya bayan ɗaya, har da shekarun da kowanne ya yi a kan gadon sarauta. Amma idan aka tambaye shi wace ce ta karantar da matan unguwarsu shekara sittin da suka wuce, ko wace ungozoma ce ta karɓi haihuwarsa, amsar ba ta cika wuce "wata Modibo ce, matar Malam wane" ba. Aikin da ta yi yana nan a jikin mutane, sunanta ne ya ɓace. Dawo da irin waɗannan sunaye, da haɗa kowanne da aikinsa da zamaninsa, aiki ne da ɗalibi ko malamar Islamiyya ko ma'aikaci mai ritaya zai iya yi da littafin rubutu da wayar hannu, muddin ya bi hanyar da ta dace.

Kafin a fita, yana da kyau mai wannan aiki ya san cewa ba baƙon abu zai shigo da shi ba. A shekarun da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi yana wa'azi a ƙasar Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya soki halartar mata wurin wa'azin, sai Shehu ya sa ƙaninsa Abdullahi ya mayar da martani a waƙe, inda ya nuna cewa barin mata cikin jahilci ya fi muni. 'Yar Shehu, Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma kafa tsarin 'Yan Taru, inda take naɗa jaji ta ba ta malfa da jan rawani, ita kuma jajin ta riƙa jagorantar matan ƙauyensu zuwa ɗaukar karatu su koma su koyar da na gida. Abin da ya fi jan hankalina game da ita shi ne, ita da kanta ta yi irin aikin da muke magana a kai. Ta tsara waƙar da ta jero sunayen mata salihai tun daga farkon Musulunci har zuwa malaman zamaninta, ta yi wa wata jajinta mai suna Hauwa'u waƙar alhini, ta yi wa maƙwabciyarta Halima, wadda ba ta riƙe wata sarauta ba. Da ba ta rubuta ba, da yau babu mai ambaton su. Wannan hujja ce da za a iya kawo wa duk maigidan da ya ga kamar rubuta sunan mahaifiyarsa tonon asiri ne.

A fara daga gida, kuma a fara da mace ɗaya. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar babban take irin "gudunmawar mata a jihar Kebbi", wanda daga ƙarshe ba ya haifar da komai sai maimaita sunayen da kowa ya riga ya sani. Sarauniya Amina ta Zazzau da Gambo Sawaba da Ladi Kwali, wadda hotonta ke kan takardar naira ashirin, sun cancanci yabon da ake yi musu, sai dai su an riga an rubuta su. Wadda ke bakin ɓacewa ita ce malamar da ta saukar wa 'yan mata Alƙur'ani a ɗakinta, da ungozomar da ta karɓi haihuwar rabin unguwa, da uwar adashin da matan gari suka yi jari da kuɗin da ta riƙe musu bisa amana, da mai gumin shinkafa ko bandar kifi da ta ɗauki nauyin karatun 'ya'yan ƙannenta, da malamar firamare ta farko da ta bi gida-gida tana roƙon iyaye su saki 'ya'yansu mata lokacin da aka fara shirin ilimin firamare kyauta a 1976. A zaɓi ɗaya daga cikinsu wadda har yanzu akwai aƙalla mutum uku masu rai da suka san ta ido da ido.

Daga nan sai neman izini, wanda ba a yi masa gaggawa. Namiji ba ya faɗa wa gidan mutane da na'urar ɗaukar murya a hannu. Zai yi sallama da maigida a zaure, ya bayyana abin da ya kawo shi da inda bayanin zai je, kuma mafi alheri ya sami 'yar'uwarsa ko matarsa ta shiga ciki ta yi hirar, domin akwai maganganun da tsohuwa ba za ta yi a gaban namiji ba ko da jikanta ne. A je da goro ko sabulu kamar yadda aka saba gaida manya. A zuwan farko kada a ciro waya ma, a gaisa, a faɗi ɗan wane ne ko 'yar wance ce, a sa ranar dawowa. Idan ta yarda a ɗauki muryarta amma ta ƙi hoto, a bar hoton, kuma kada a sa ko da minti ɗaya na hirar a Facebook ko WhatsApp sai ita da iyalinta sun amince.

Wurin da aikin ya fi wuya shi ne suna, saboda haka zan ɗan tsaya a kansa. Alkunyarmu ta sa mace ba ta kiran sunan mijinta ko ɗanta na fari ko surukarta, yara kuma suna tashi suna jin ana cewa Inna, Gwaggo, Iya, Yaya, Hajiya Babba, har su tsufa ba su taɓa jin sunan yanka ba. Na taɓa zama da wata gwaggona ina tambayar ta sunan matar da ta koya mata karatu, ta ce, "Ɗiyan nan, ai mu Modibo muke ce mata, wa ya isa ya kama sunanta?" Sai da na koma sau biyu kafin ta tuna cewa an sa wa wata jikar gidan sunan malamar, shi ya sa ake kiran yarinyar da laƙabi. Ta wannan hanya na sami sunan. Saboda haka idan an tambayi suna kai-tsaye aka ga ana kauce-kauce, kada a matsa. A tambaya, "Inna, akwai wadda aka yi wa takwara da ita?" ko a nemi wata sa'arta ko abokiyar wasanta wadda kunya ba ta hana ta faɗi. A rubuta sunan yanka, da laƙabi, da sunan mahaifinta, da sunan mahaifiyarta idan an samu, da garin da aka haife ta, da garin da ta yi aure. Garuruwan biyun nan suna da muhimmanci ƙwarai, domin aure yana raba tarihin mace gida biyu: danginta sun san ƙuruciyarta da inda ta yi karatu, mutanen garin mijinta kuma sun san aikinta, kuma sau da yawa babu ɓangaren da ya san abin da ɗayan ya sani.

Tambayoyin su zama na abin da aka gani da ido. Idan aka ce wa tsohuwa ta ba da tarihin wance, za ta ce mutuniyar kirki ce mai haƙuri, Allah ya jiƙanta, maganar ta ƙare. Amma idan aka ce, "Gwaggo, da wane lokaci kuke zuwa ɗaukar karatu? Ku nawa ne? Wane littafi kuka fara bayan sauka? Akwai waƙar da take rera muku?" sai a ga baki ya buɗe. Idan ta fara rera waƙa, a bar ta ta kai ƙarshe ba tare da katsewa ba, ko da ta yi tsawo, domin a ƙasar Gwandu da Sakkwato ba abin mamaki ba ne a tarar baitocin da take rerawa na Nana Asma'u ne ko na ƙaninta Isa, wanda ya mayar da waƙoƙinta da dama zuwa Hausa. A tambayi kuma a wurin wa malamar ta yi karatu, da su wane ne ɗalibanta da suka ci gaba da koyarwa, a zana wannan salsala a takarda kamar yadda ake yi wa malamai maza.

Shekaru kuwa ba a tambayar su da lamba. A ɗaure kowane labari da wani abin da kowa ya tuna: kafin yunwar 'Yar Gusau ta farkon shekarun 1940 ne ko bayanta, lokacin rasuwar Sardauna a 1966, lokacin yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, shekarar da aka koma tuƙi ta hannun dama a 1972, shekarar da naira ta maye gurbin fam a 1973, ko zamanin wane sarki ko hakimi. Idan ta ce tana goyon ɗanta na biyu aka canja kuɗi, an sami shekara ke nan.

Wani lokaci za a ciro wa mutum gafaka ko tsohuwar adaka mai ɗauke da takardun ajami. A wanke hannu a shanya kafin a taɓa su, a shimfiɗa zane mai tsabta a inuwa inda akwai haske, a ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya bisa jerin da aka same su. Irin waɗannan takardu ba a ɗinke suke ba, kuma galibi babu lambar shafi, sai dai kalmar da aka rubuta a ƙasan shafi ita ce kalmar farko ta shafin da ke biye, da ita ake gane jeri. Kada a liƙa musu salatif, kada a kai su a rufe da roba mai zafi, domin duka biyun suna cinye takarda da tawada. A duba ƙarshen rubutun da kyau, nan ne marubuci ko mai kwafi ke sa sunansa, nan ne kuma ake samun ramzi, wato shekarar Hijira da aka ɓoye cikin haruffa, wadda malamin zaure zai iya warwarewa. Don kusanto shekarar Miladiyya, sai a ninka ta Hijira da 0.97 a ƙara 622, misali 1280 za ta faɗa tsakanin 1863 da 1864. Takardun na masu su ne, ba a fita da su daga gidan, sai dai a ba da shawarar a nisanta su daga danshi da gara.

Bayan an tattara, sai tantancewa, kuma a nan ne son wadda ake rubutawa a kanta yake iya ja mutum ya ƙara gishiri. Duk abin da mutum ɗaya kaɗai ya faɗa, a rubuta shi da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa. Abin da mutum biyu ko uku da ba gida ɗaya suke ba suka haɗu a kai, shi ake iya kafawa a matsayin tabbas. Kada a ce wance ce mace ta farko da ta yi kaza sai an bincika, domin irin wannan iƙirari yakan danne wata. A Amurka kowa ya san Rosa Parks, baƙar fatar da ta ƙi tashi daga kujerar bas a birnin Montgomery a Disambar 1955, amma wata yarinya 'yar shekara goma sha biyar, Claudette Colvin, ta yi irin haka a wannan birni wata tara kafin nan, kuma an daɗe ba a ambaton ta. Haka kuma a bambance tarihin baka mai nisa da abin da ke da shaida. Labarin Sarauniya 'Yargoje da aka ce ta mulki Zamfara a zamanin da, ya cancanci a rubuta shi, amma da lafazin "an ruwaito", tare da faɗin bakin da aka ji shi. Wanda ke son ƙarin haske zai iya leƙa gidan tarihin Kanta da ke Argungu, ko hukumar tarihi da al'adu ta Waziri Junaidu a Sakkwato, ko Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, ko sashen tarihi na jami'o'in Birnin Kebbi da Gusau da Sakkwato.

Ina ganin wajibi ne a faɗi cewa a Zamfara da wasu sassan Kebbi lokaci ya ƙure fiye da yadda muke zato. Rashin tsaro ya tashi ƙauyuka da dama, tsofaffin matan da suka san waɗannan labarai suna zaune a gidajen dangi a Gusau da Anka da Talatar Mafara, wasu kuma sun baro gafakokinsu a inda ba a iya komawa. Bai kamata kowa ya jefa kansa cikin haɗari don hira ba, amma waɗanda suka riga suka iso gari suna kusa, kuma da yawansu suna jin daɗin a zauna a tambaye su garinsu da mutanensu.

Abin da aka samu a rubuta shi gajere, shafi biyu ko uku da Hausa mai sauƙi, a ajiye murya da hotuna a wuri fiye da ɗaya, kada a dogara ga waya kaɗai. Sannan a fito da shi inda jama'a za su ji. Ana iya karanta shi a walimar saukar karatu ta makarantar da ɗalibanta suka kafa, a bi shi da addu'a. Ana iya roƙon hukumar makarantar Islamiyya ta sa wa aji ko ɗakin karatu sunanta, ko a kai wa masu shirin mata a gidan rediyon jiha, ko a miƙa wa malamin jami'a domin ɗalibi ya faɗaɗa shi a kundin kammala digiri, wanda daga baya zai zama madogarar da za a iya rubuta ta da ita a Wikipedia ta Hausa. Amma kafin duk wannan, a buga kwafi a koma gidan da aka yi hirar, a zauna a karanta wa tsohuwar da iyalinta daga farko har ƙarshe, a gyara inda suka ce an yi kuskure, a cire abin da suka ce ba na fitarwa ba ne, a bar musu kwafinsu, sannan a tambaye ta ko akwai wata sa'arta mai rai da ya kamata a je a gaisar.