Yadda ake bibiyar tarihin mai tsaron gida ɗan Sikotland na farkon ƙarni na ashirin

Duk wanda ya ƙuduri aniyar rubuta tarihin golan Sikotland na shekaru ɗari da suka wuce, wajibi ne ya fara tantance ko wane ne mutumin, domin jaridun wancan zamani sunan dangi kawai suke bugawa, kuma ana samun 'yan wasa masu suna iri ɗaya. Zan yi misali da Jimmy Brownlie, wanda aka haifa a garin Blantyre na Sikotland a 1885, ya tsare ragar Third Lanark ta birnin Glasgow daga 1906 zuwa 1923. Shafin ScotlandsPeople yana ɗauke da rajistar haihuwa ta gwamnati tun daga 1855, tare da takardun ƙidayar jama'a na 1901 da 1911 da 1921, kuma a nan ne za a ga garin mutum da sana'ar da yake ci da ita.

Daga nan sai a koma ga tsofaffin jaridu, ko dai a rumbun British Newspaper Archive na intanet, ko a ɗakin karatu na Mitchell da ke Glasgow. A jerin 'yan wasa sunan gola ne ke zuwa farko, sai 'yan baya biyu, sai 'yan tsakiya uku, sannan 'yan gaba biyar. Da wannan jeri ake ƙirga wasannin da mutum ya buga kaka bayan kaka. A kula da kalmar "Junior", domin a Sikotland ba ta nufin ƙwallon yara, wani rukuni ne na ƙananan kulob-kulob na manya, kuma daga irinsa, wato Blantyre Victoria, Brownlie ya fito.

Babban kuskuren da nake yawan gani, kuma yana ci mini rai, shi ne auna waɗannan mutane da ma'aunin yau. Brownlie ya buga wa ƙasarsa wasa 16 tsakanin 1909 da 1914, kuma mai karatu na iya ganin adadin bai taka kara ya karya ba. To amma a lokacin wasa uku kacal Sikotland take yi a shekara, da Ingila da Wales da Ireland, ba ta kara da wata ƙasa ban da waɗannan ukun ba sai 1929. Ke nan cikin wasa 18 na waɗannan shekaru shida, biyu kawai suka wuce shi. Sannan Yaƙin Duniya na Farko ya tsayar da wasannin ƙasa da ƙasa yana tsakiyar ganiyarsa.

Haka nan dole a san dokokin wasan. Kafin 1912 an yarda gola ya taɓa ƙwallo da hannu a ko'ina cikin rabin filinsu, sai a wannan shekara aka taƙaita shi a da'irar yadi 18. Babu canjin ɗan wasa, saboda haka golan da ya ji rauni ko dai ya cije ya ci gaba, ko wani daga cikin 'yan wasa ya shiga raga. Ɗan gaba yana da damar ya banke gola da kafaɗa har cikin raga idan ƙwallo na hannunsa, shi ya sa suka fi son su naushe ta maimakon su cafe, ga shi kuma ta fata ce mai igiya, tana shan ruwa ta yi nauyi a filin da ya zama taɓo. A 1925 kuma aka sassauta dokar satar gida, ƙwallaye suka yawaita, don haka bai dace a kwatanta alƙaluman da suka gabace ta da na bayanta kai tsaye ba.

Kada a tsaya a ranar da ya rataye takalmi. Brownlie ya karɓi jagorancin Dundee Hibernian a 1923, shekarar da ta koma Dundee United, ya kuma ci kofin rukuni na biyu da ita a 1925. Ita kuwa Third Lanark ta rushe a 1967, saboda haka mai neman hotuna da kayan tarihinta sai ya tuntuɓi gidan tarihin ƙwallon Sikotland da ke filin Hampden Park.