Yadda za ka gane launin dutse daga lamba guda

Ƴan tarminal masu shirin bak, wanga darasi na fizik bai buƙatar labo, torshin portabul ɗinku ya isa. Ku nemo ƙwayar gishiri babba mai tsabta, da guntun farar wuta irin wadda masu maganin gargajiya ke kasawa a kasuwar Tahoua, da dutsen kwalli wanda ba a niƙa ba, in akwai fasasshen panon sola a gida shi ma a ɗauko.

Abin da za ka riƙe shi ne cikin kowane kiristal akwai giɓi tsakanin inda elektaron ke zaune da inda zai iya hawa, kamar rami ne, ko ka tsallake shi gaba ɗaya ko ka tsaya inda kake, ba rabi. Haske ke ba shi ƙarfin tsallakawa, in ƙarfin ya kai sai dutsen ya shanye hasken, in bai kai ba haske ya wuce abinshi. Ana auna giɓin da ƙarfin haske duka da eV (elektaron-bolt, ma'aunin ƙarfi), kuma hasken da ido ke gani daga wajen 1,7 ne gefen ja zuwa 3,1 can gaba da shuɗi.

To haska gishirin. Giɓinshi ya haura 8 eV, ba launin da ke da wannan ƙarfi, shi ya sa haske ke ratsa shi. Daimon ma haka, 5,5. Kar farin gishirin da anka daka ya ruɗe ka, ƙananan ƙwayoyi ne ke watsa haske ko'ina.

Farar wuta ita ce mai daɗin lissafi, giɓinta wajen 2,6. Raba 1240, lambar da ke maida eV zuwa tsawon zangon haske a nanomita, da giɓin, za ka samu kusan 477 nanomita, duk hasken da tsawon zangonshi bai kai haka ba, wato shuɗi da abin da ke bayanshi, ta shanye, sauran tsanwa da ja su dawo ma idonka a haɗe ka ga ruwan ɗorawa. Da giɓin ya sauka zuwa 2 sai tsanwa ma ta tafi ya rage ja. Ni dai a ganina wanda ya iya wannan rabawar ya fi wanda ya haddace tabulon giɓin duwatsu duka.

Silisiyom na pano 1,1 ne, kwalli 0,4, duka ƙasa da 1,7 don haka ba launin da ke tsira, sai baƙi ko toka mai ƙyalli. Kwallin nan darma ce a ciki fa, a wanke hannu bayan an taɓa.

Amma kar ka ga ja ka ce giɓi 2 ne kai tsaye. Yakutu giɓinshi babba ne ƙwarai, ɗan ƙarfen kuromiyom da ya shiga ciki ke ba shi ja, gishirin Tigidda kuma laka ce ta rina shi. Ka fara tambaya ko dutsen tsantsa ne kafin ka ɗauki kalkuletiris.