Yadda za ka tattara tarihin injin gurzar auduga na BCGA a Gombe

Yawancin yaran da ke ce wa mai keke "sauke ni a Bisije" ba su san asalin sunan ba. Daga BCGA sunan ya fito, wato British Cotton Growing Association, ƙungiya ce da Turawan Ingila suka kafa a Manchester a 1902 don samar wa masaƙunsu auduga. Ita ta kafa injin gurza a Gombe a shekarun 1950, da jirgin ƙasa ya iso a 1963 kuma aka riƙa loda dilolin auduga zuwa bakin teku. Ni ma ban damu da sani ba sai da kawuna ya rasu, na ga katin aikinsa a ƙasan adaka, hoton ya koɗe, lambar kaɗai ake iya karantawa. Shekara da shekaru muna gida ɗaya, ban taɓa tambayarsa komai ba. Abin yana cina har yau.

Ka fara da mai unguwa ko liman, su suka san dattawan da suka yi aiki a wurin. Ka je bayan la'asar da ɗan goro, ka durƙusa ka gaishe su, kada ka fito da waya tukuna. Sai hira ta yi daɗi za ka ce, "Baba, ka yarda in ɗauki muryarka?"

Kada ka tambayi shekara, za ka rikita tsoho. Tambaye shi ko da fam da sule aka fara biyansa ko da naira. An canja kuɗi a 1973, ka ga ka samu ma'auni ke nan.

Ka riƙe 'yar auduga mai ƙwaya a aljihu. Wani dattijo da ya yi ta ba ni amsa gajere-gajere, ina miƙa masa sai ya murza ta da yatsu, ya zare anguryar, ya shiga ba ni labarin sikeli da layin manoma da ƙurar da ke sa su tari, har aka kira magariba.

Matan da suka sayar da abinci a bakin ƙofa ma a neme su, ka tura 'yar'uwarka in shiga ba za ta yiwu ba.

Kati ko takardar albashi, ɗauki hotonsu a gaban mai su ka mayar masa a take. Daren nan ka rubuta sunansa da aikin da ya yi da ranar hirar.