Yadda za ka gane lissafin dusar ƙanƙarar Bafalo kafin ka tashi

Yan uwa na Kaduna masu shirin tafiya karatu Bafalo ta jihar Niyok a Amurka, kar ku ɗauka sanyin hunturunmu na Disamba ya shirya ku, wallahi ko kusa.

Farko dai ka sani masu awon yanayi a can ba daga Janairu suke fara ƙirga ba, kakar dusar daga 1 ga Yuli take zuwa 30 ga Yuni, shi ya sa za ka ga an rubuta 1976-77. Wannan kakar ce ma ta kafa tarihi a garin, inci 199.4 ya zuba, sama da mita 5 kenan fa. A shekara ta yau da kullum kuwa wajen inci 95 ne. Inci ɗaya santimita 2.54, sai ka ninka a waya.

Amma kar adadin ya ruɗe ka, jimillar duk abin da ya sauko ne a kakar, ba wai tulin da za ka tarar a ƙofar gida ba, don yana narkewa yana danƙarewa ana kuma kwashewa da mota.

Sannan ka duba ina aka auna, a filin jirgi ake awon hukuma, alhali iska mai sanyi idan ta bi ta kan tafkin Erie da ke gefen garin kafin ya daskare takan kwaso danshi ta juye wa kudancin gari, wata unguwar ta nutse wata ko kaɗan, haka aka yi a Nuwamban 2014. Don haka tambayi unguwar da za ka kama haya tukuna, sannan ka sayi takalmi da jaket.