Yadda Ake Bambanta Ciwon Ɓarin Kai Da Na Sainus

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya ji goshinsa ya yi nauyi, hanci ya toshe, ido na zubar da ruwa, sai ya yanke wa kansa hukunci cewa sainus ne, wato kumburin kogunan iskan da ke cikin ƙasusuwan fuska. Ni ma na shafe shekaru a haka, ina shan maganin mura ba gaira ba dalili. Ciwon ɓarin kai ma yana toshe hanci, domin jijiyar da yake tayarwa ita ce mai kula da goshi da kunci da ido. Wani bincike na 2004 ya gano cewa kusan 9 cikin 10 na masu cewa ciwonsu na sainus ne, ɓarin kai ke damunsu.

Don haka fara da majina. Fyace a farin tsumma ka duba da kyau. In tsararo ce kamar ruwa, kada ka yi saurin ɗora wa sainus laifi. Ciwon sainus yakan biyo bayan mura ne, majinar ta yi kauri, ta koma ɗorawa ko kore, ƙamshin abinci ya daina shiga hanci, haƙoran sama su yi tsami, wani lokaci har da zazzaɓi. Ba majina mai kauri, ba zazzaɓi? Ni dai a nan nake ajiye zancen sainus.

Gwajin sunkuyawa da ake yawan faɗa, wai in ciwo ya ƙaru da ka duƙa to sainus ne, ka manta da shi. Dukansu biyu suna tsananta in ka duƙa.

Sai ka lura da abin da jikinka ke nema. In kan na sarawa kamar ana daka, zuciya na tashi, hasken waya na sukar ido, kana neman ɗaki mai duhu, wannan ɓarin kai ne. Yakan ɗauki awa 4 zuwa 72 ya lafa, ya sake dawowa. Na sainus kuwa zama yake yi kwanaki a jere.

Rubuta ranakun ciwon na wata ɗaya ka kai wa likita, ya fi ka yi ta asarar kuɗi a antibayotik, wato maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba ya taɓa ɓarin kai. Maganin fesa hanci mai buɗe toshiya kada ya wuce kwana 3. Amma ciwon da ya faɗo farat ɗaya da tsanani, ko wuya ya sandare, ko ido ya kumbura, ko ɓarin jiki ya saki, a tafi asibiti nan take.