Yadda za ka nemo mata a cikin tarihin zamanin Turawa da bayan 'yancin kai

Duk ɗalibin da ya ɗauko batun mata da siyasa a zamanin mulkin mallaka, ko furojet ne ko mastas, kukan farko da zai yi shi ne wai babu komai a rubuce. Wallahi akwai, matsalar kawai ba a ajiye su da sunan mata ba, kuma in ka shiga gidan adana takardun tarihi kana neman fayil mai kan magana "mata" sai ka wuni ka fito da 'yan shafuka kan makarantar 'yan mata da ungozoma shi ke nan.

Toh abu na farko, rage girman batun tun kafin ka je wajen sufabaiza. "Mata a Afirka lokacin Turawa" ba batu ba ne, teku ne. Ka ɗauki lardi ɗaya ko gari ɗaya, shekara goma zuwa ashirin, da tambaya ɗaya tak, misali me mata suka yi da aka ƙaƙaba haraji, ko su wa suka riƙa tara kuɗin jam'iyya a unguwanni.

Sai ka gane ɗabi'ar wanda ya rubuta takardun. Di'o da Razdan ba sa rubuta mace sai ranar da ta dame su, saboda haka ka nemi fayil na haraji, tarzoma, ƙidaya, kasuwa, gidan yari, kisan aure, bayi da 'yantarwa, nan matan suke. Dubi abin da ya faru a kudu maso gabashin Najeriya a Nuwamban 1929, inda a Oloko wata mata Nwanyeruwa ta yi cacar baki da mutumin da hakimin da Turawa suka naɗa, Okugo, ya turo ƙidaya, mata suka ɗauka haraji za a sa musu, kafin ka ce me dubbai sun fito, aka harbe sama da 50. Turawa suka rubuta shi da sunan tarzomar Aba, su kuwa matan Ibo yaƙin mata suke ce masa. Ka ga in da sunan da matan suka ba abin ka shiga nema ba za ka ga fayil ɗin ba, in kuma ka ɗauki sunan Bature ka zuba a aikinka ba tambaya to ka riga ka yarda da hukuncinsa tun kafin ka fara. Kwamitin bincike na 1930 ya saurari shaidu 485, mata kusan 103 ne kawai a ciki, amma waɗannan ɗin zinari ne don muryarsu ce, duk da ta bakin tafinta ta biyo.

Maganar tafinta nan a tsaya a kanta. Mace ta yi magana da yarenta, namiji ya juya zuwa Turanci ko Faransanci, magatakarda ya taƙaita, Bature ya sa hannu. Duk jimlar da za ka ɗauko ka tambayi kanka hannu nawa ta bi, kuma me mai rubutun ke son na sama da shi ya ji. Ni a ganina littattafan kotu sun fi rahoton shekara amfani nesa ba kusa ba, domin a kotu mace ce da kanta ta kawo ƙara, tana neman saki ko gado ko 'ya'yanta, kuma in ka jera shari'u ɗari biyu ka ƙirga su a tebur za ka ga abin da babu wani Razdan da ya taɓa lura da shi.

Wuraren zuwa kuwa ya danganta da ƙasar. A Najeriya akwai Kaduna da Ibadan da Enugu, ga cibiyar tarihi ta Arewa House a Kaduna, na ƙasashen da Faransa ta mallaka a yammacin Afirka da yawa suna Dakar da kuma Aix-en-Provence a Faransa, na Ingila suna Kew a Landan. Ka riƙe lambar kowane fayil da shafi a take, ka ɗau hoto in an yarda, kar ka ce sai ka dawo. Kuma ka sani an ƙona wasu an ɓoye wasu, sai a 2011 gwamnatin Ingila ta amsa tana riƙe da dubban fayil na tsoffin ƙasashen da ta mallaka, bayan tsoffin da aka azabtar lokacin tawayen Mau Mau a Kenya sun kai ta kotu. In ka tarar da giɓi ka rubuta cewa akwai giɓi, shi ma bayani ne.

Yanzu ga inda zuciyata ta fi karkata, hira da tsofaffi. Wadda take da shekara ashirin a 1960 yau ta haura tamanin, kullum ana rasa su, don Allah in kana da wata ɗaya ne kacal na aikin fili ka fara da su, takarda za ta jira ka. Ka je ta hannun wanda ta yarda da shi, in kai namiji ne ka nemi mace ta taya ka, ka nemi izini kafin ka kunna rikoda, ka tambaye ta ko tana so a ambaci sunanta. Kar ka ce "Iya kin yi siyasa?" don amsar a'a ce za ka samu, siyasa a wajenta ta maza ce masu hawa mumbari. Ka ce wa ya sayar da katin jam'iyya, wace waƙa kuka riƙa yi, wa aka kama, ina kuke taruwa. Kar ka matsa mata da shekara, ka ɗaura zancen da haihuwarta ta fari ko mutuwar wani sarki, lissafin ka yi shi a gida. Kuma ka koma sau biyu sau uku, zuwan farko gaisuwa ce kawai. Tun 1949 zuwa 1950 wata Baturiya Mary Smith ta zauna da wata tsohuwa Bahaushiya, Baba ta Karo, tana rubuta rayuwarta, har yau masana na cin moriyar wannan zaman.

Wani kuskure da nake yawan gani shi ne a tsaya kan manyan sunaye. Eh, Funmilayo Ransome-Kuti ta jagoranci matan Abeokuta har sarkinsu Alake ya sauka daga sarauta a 1949, Gambo Sawaba ta sha ɗauri saboda NEPU, Aoua Keita ta shiga majalisa a ƙasar da ta zama Mali a 1959, amma su wa ke bayansu? 'Yan kasuwa nawa, masu wane hali? Kuma ba duk mata ne a gefe ɗaya ba, akwai matan sarauta da na talakawa, akwai uwargijiya da baiwa, akwai waɗanda suka mara wa masu mulki baya, aikin da ya mayar da su duka jarumai bai yi musu adalci ba.

Kar kuma ka rufe labarin ranar da aka sauke tutar Bature. Bibi Titi Mohammed ta tara wa jam'iyyar neman 'yanci ta TANU dubban mata a Tanganyika (Tanzaniya ta yanzu), amma gwamnatin jam'iyyar tata ce ta kama ta a 1969 bisa zargin cin amanar ƙasa, sai 1972 aka yi mata afuwa. Matan Arewacin Najeriya ba su samu damar jefa ƙuri'a ba sai 1976, shekara 16 bayan 'yanci. Takardun wannan zamanin sun fi na Turawa wuyar samu don ba a tattara su ba, sai ka bi tsoffin jaridu, da kaset na gidajen rediyo, da akwatunan da iyalai suka ajiye, hotuna da wasiƙu da katin jam'iyya. In iyali sun buɗe maka irin wannan akwati ka ɗau hoto a gabansu ka bar musu kayansu, in ka gama aikin ka kai musu kwafi.