Yadda ake haɗa tsohon sitiyarin Logitech da PS4 ta adaftar da aka harhaɗa a gida

Sitiyarin Logitech G25 na 2006, da Driving Force GT, da G27 da ya biyo bayansu, duk suna juyawa digiri 900, kuma injinsu na turjiya, wato ƙarfin da sitiyari ke mayar wa hannu idan taya ta hau gargada ko ta fara sulɓi, bai tsufa ba. Amma ka soka ɗaya daga cikinsu a PS4, wasa ba zai gan shi ba. Ba lalacewa ya yi ba. Tun fitowar PS4 a 2013 Sony ta sa sharaɗi cewa duk abin da za a yi wasa da shi sai ya riƙa amsa wata tambayar sirri da na'urar ke turo masa lokaci-lokaci, kuma amsar tana cikin wani ɗan guntun lantarki da sai kayan da aka ba lasisi ke ɗauke da shi. Sitiyarin Logitech G29 na 2015 yana da shi, magabatansa ba su da shi.

Abu biyu ke nan ake nema: abin da zai gaya wa PS4 cewa shi G29 ne, da abin da zai amsa tambayar sirrin. Na farko aikin adafta ne, na biyu kuma aikin hannun wasan PS4 ne, wato DualShock 4 na asali. Manhajar da ke haɗa su kyauta ce, sunanta GIMX, tana tafiya a Windows da Linux. Sitiyari da hannu suna jikin kwamfuta, kwamfuta tana karanta motsin sitiyari ta miƙa wa adafta, adafta ta miƙa wa PS4 da sunan G29. Umarnin turjiya yana biyo hanyar ya dawo. Sa'ar da aka yi ita ce G29 ya gaji harshen turjiya na G25 da G27, saboda haka kusan ba a fassara komai. G920 na Xbox wani harshen yake ji daban, shi ya sa bayanin nan na PlayStation ne kaɗai.

Kayan da za a tanada

Bod, wato ƙaramin allon lantarki, mai ɗauke da guntun ATmega32U4; shi da ɗan bod ɗin CP2102 da za a ambata a ƙasa su ne adaftar. Pro Micro ya fi araha da ƙanƙanta, Arduino Leonardo ya fi sauƙin aiki don ba ya bukatar dalma, Teensy 2.0 ma yana yi. Idan Pro Micro ne, a duba ya zama mai volt 5 da 16MHz. Akwai mai volt 3.3 da 8MHz, kamanninsu ɗaya, amma manhajar ba don shi aka tsara ta ba. Arduino Uno da Nano na gama-gari ba sa wannan aikin, domin babban guntunsu ba ya magana da USB kai tsaye, ba zai iya shigar burtu ya ce shi sitiyari ne ba.

Sai ɗan bod mai CP2102, mai mayar da USB zuwa siriyal. GIMX tana magana da adafta a gudun bit 500,000 a daƙiƙa, kuma CP2102 yana ɗaukar wannan gudun lafiya lau. Mai sayarwa zai iya miƙo maka wani mai arha ya ce duk ɗaya ne. Ka karanta lambar da ke kan baƙin guntun da idonka. Mai FT232R yana aiki, sai dai yana zuwa da jinkirin milisakan 16 da sai an shiga saitin direbarsa a Windows an mayar da shi 1, in ba haka ba sitiyari zai riƙa makara.

Sauran: gajerun wayoyi guda 3, kebul ɗin USB biyu masu ɗaukar bayanai, ɗaya na bod ɗaya na hannu, hannun DualShock 4 na Sony, da kwamfuta mai ramukan USB akalla 3. Tsohuwar laftof ta wadatar, aikin ba shi da nauyi.

Kafin a kashe kuɗi a kan komai, a gwada sitiyarin a kwamfuta. A juya cajarsa a karanta abin da ke rubuce. G27 volt 24 yake sha, amfiya 1.75. Abin lura shi ne ɓangaren wutar da ke shiga: yawancin waɗannan sitiyarin gwanjo ne, kuma wanda ya fito daga Amurka zai iya zuwa da caja mai volt 120 kawai. In ba a ga 100–240V a jiki ba, kada a soka ta a soket ɗin Najeriya ko Nijar sai da taransifoma mai rage wuta. Cajar laftof mai volt 19 tana iya shiga ramin, amma turjiya za ta yi laushi.

Wayoyi uku

GND na CP2102 zuwa GND na bod. TXD na CP2102 zuwa RX na bod. RXD na CP2102 zuwa TX na bod. Shi ke nan. A Leonardo RX shi ne fil 0, TX fil 1. A Pro Micro an rubuta su RXI da TXO, ko RX1 da TX0 a wasu. A Teensy 2.0 D2 ne RX, D3 ne TX. Giciyen shi ne ka'ida: TX fil ɗin aikawa ne, RX na karɓa, bakin wannan zuwa kunnen wancan.

Kada a haɗa fil ɗin 5V ko 3V3 na CP2102 da komai. Bod yana samun wutarsa daga PS4, CP2102 yana samun tasa daga kwamfuta. In aka haɗa su, wutar wata na'ura za ta riƙa kwarara cikin ɗayar, bod kuma ba zai mutu ya sake tashi ba idan an zare shi daga PS4, sai ya maƙale a tsohon yanayi. Wayoyin su zama gajeru, santimita 10 zuwa 15. Idan ana son tsawo, a ƙara ta ɓangaren USB. Na sokawa suna yi don gwaji, amma teburin da sitiyari ke girgizawa yana sassauta su, don haka da zarar an tabbatar komai na tafiya a like su da dalma a rufe da robar da ke tsukewa da zafi. Ramin micro-USB na Pro Micro kuma a saman bod kawai aka manna shi, fizga ɗaya yake ɓallewa. A ɗiga masa gam mai ƙarfi a gefe da gefe, a bar kebul ɗin a jikinsa dindindin.

Zuba manhaja a bod

A girka GIMX a kwamfuta tare da direbar CP210x ta Silicon Labs. A Windows girkin yana zuwa da USBDK, wadda ita ke ba GIMX damar ƙwace hannu daga Windows ta yi magana da shi kai tsaye; kada a tsallake ta, kuma a sake kunna kwamfuta bayan an gama. Fayil ɗin da za a zuba shi ne EMUG29PS4. Akwai EMUPS4 a kusa da shi, wannan na kwaikwayon hannu ne, mota za ta tafi amma babu turjiya ko kaɗan.

A buɗe gimx-loader, manhajar zubi da ke zuwa tare da GIMX, a zaɓi fayil ɗin, a danna Load, sannan a soka bod a kwamfuta ta ramin USB ɗinsa. A Leonardo a danna maɓallin Reset. Pro Micro ba shi da maɓalli, sai a taɓa RST da GND da guntun waya sau biyu a jere da sauri. Bod zai buɗe ƙofa na daƙiƙa 8 kacal. Karon farko Windows kan cinye wannan lokacin wajen gane sabuwar na'ura, sai zubin ya faɗi. A maimaita kawai. Teensy yana da tasa manhajar zubi da maɓalli a jiki. Bayan an gama, bod ba zai ƙara bayyana a matsayin Arduino ba. Haka ya kamata ya kasance.

Shirya sitiyari a kwamfuta

Nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Waɗannan sitiyarin idan aka soka su, da farko suna gabatar da kansu a matsayin tsohon Driving Force mai gajeren juyi, sai an tura musu umarni na musamman su koma ainihin kansu. A Windows Logitech Gaming Software 5.10 ke yin wannan. G HUB na zamani bai san su ba. A cikin saitin a sa juyi 900, a cire alamar haɗe feda wuri guda, a kashe sifirin mai mayar da sitiyari tsakiya, a bar wasa ya sarrafa saiti da kansa. Idan fedar totur da ta birki suka zama layi ɗaya, ba za ka iya taka su tare ba, kuma fayil ɗin saiti na GIMX ba zai dace ba.

A Linux ba a bukatar girka komai don wannan. Umarnin lsusb zai nuna gaskiya: 046d:c29b G27 ne, c299 G25, c29a Driving Force GT. In ka ga c294, sitiyari bai fita daga yanayin farko ba. CP2102 zai fito da 10c4:ea60, kuma mai amfani sai yana cikin rukunin dialout kafin ya iya buɗe ttyUSB0.

Daga nan a buɗe gimx-launcher, a shiga Help, a zaɓi Get configs, a sauko da fayil ɗin da ya dace da sitiyarinka wanda sunansa ya ƙare da G29.

Jerin kunnawa

Tsarin yana da muhimmanci. A kashe hannu gaba ɗaya, a riƙe maɓallin PS kamar daƙiƙa 10 har fitilarsa ta mutu, domin in yana manne da PS4 ta Bluetooth rikici zai shiga. A soka shi a kwamfuta. A ba sitiyari wuta a soka shi, kada a taɓa shi har ya gama juyawa hagu da dama ya tsaya a tsakiya, ƙafa ma kada ta taɓa feda. A soka CP2102 a kwamfuta, bod kuma a PS4 da ke kunne. A gimx-launcher a zaɓi adafta a Output, ramin COM ɗinta a Port, Physical devices a Input, sai fayil ɗin saiti, a danna Start. Sannan a danna maɓallin da aka ba aikin PS a zaɓi mai wasa. Driving Force GT yana da maɓallin PS nasa. G25 da G27 ba su da shi, an ɗora shi a kan ɗaya daga maɓallan akwatin giya. A buɗe fayil ɗin a gimx-config a ga wanne ne, a canja in ana so. Shift na hagu tare da Esc ke tsayar da GIMX.

Idan ya ƙi

GIMX ta ce ba ta ga adafta ba: kusan kullum TX da RX ne. Wasu masu ƙera bod ɗin CP2102 suna rubuta sunan inda wayar za ta je ne maimakon sunan fil ɗin, sai giciyenka ya zama miƙaƙƙe. A musanya wayoyin biyu a sake gwadawa, ba abin da zai ƙone. In bai yi ba, a duba ko bod na samun wuta daga PS4, sannan a zargi kebul. Kebul ɗin caji zalla waya biyu ne a cikinsa, fitila za ta kama amma bayani ba ya wucewa.

Komai ya tafi daidai, sai bayan kamar minti 8 sitiyari ya mutu: tambayar sirri ce ba a amsa ba. Ko dai hannun jabu ne, ko kebul ɗinsa na yankewa, ko wata manhaja irin Steam ko DS4Windows ta riga GIMX kama shi. Jabun DualShock 4 sun cika kasuwa, kuma suna kwafar har lambar 054c:05c4 ko 09cc ta asali, saboda haka lamba ba hujja ba ce. Mafi sauƙin gwaji shi ne aro hannun da ya zo cikin kwali tare da wata PS4. Hannun asali da sandarsa ta lalace ko batirinsa ya yi rauni ya isa, amsar sirri kawai ake so a wurinsa, kuma irinsa ya fi araha a wurin masu gyara.

Mota na tafiya babu turjiya: ko an zuba EMUPS4, ko cajar sitiyari ba ta ba da wuta. Sitiyarin da bai juya kansa ba lokacin da aka soka shi, wuta ce ba ta kai ga injinsa ba.

Tsakiyar sitiyari na gocewa ana cikin tsere, ko ya daki ƙarshe da ƙarfi lokacin da yake auna kansa: wannan ba laifin adafta ba ne. A bayan ɗaya daga injinan G25 da G27 akwai faifan roba mai tsagu wanda ke ƙirga juyi, zafi da shekaru suna tsaga shi sai ya riƙa zamewa a kan sandarsa. Ana sayar da madadinsa, har da na tagulla, amma iri biyu ne, mai tsagu 60 da mai 30. A buɗe a ƙirga kafin a saya. Totur da ba ya kai ƙarshe ko birki mai rawa shi kaɗai kuma ƙura ce a cikin boliyom ɗin feda, irin dai na rediyo. A fesa masa maganin wanke lantarki, a motsa fedar sau da yawa, a bar shi ya bushe. Man inji ƙara tara ƙura yake yi.

Yankewa jefi-jefi a laftof yawanci Windows ce ke kashe ramin USB don tattalin batir. A hana ta a saitin wuta, kuma a soka CP2102 kai tsaye a jikin kwamfuta maimakon ta mahaɗar USB mai arha. Wanda ba ya son laftof a gefen talabijin zai iya sa ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi a madadinta, sai dai yankewar wuta ba zato tana lalata katin SD ɗinsa, don haka a ajiye kwafin katin.

Game da PS5, Sony ta ce DualShock 4 wasannin PS4 kaɗai yake yi a kanta, kuma tunda shi ke amsa tambayar sirri a wannan haɗin, iyakarsa ita ce iyakar adaftar. Gran Turismo 7 na 2022 ya fito a nau'i biyu, na PS4 da na PS5. Nau'in PS4 za a girka, kuma kafin a fara saukewa a duba alamar da ke gefen sunan wasan, domin PS5 nata nau'in take fara zaɓa.